Neman Amsa-amo: Daga Zauren Malam Zuwa Sitidiyo

Tun da aka rera waƙar da na rubuta wa ɗaliban Islamiyyar unguwarmu a walimar saukarsu, matasa ke tare ni da tambaya iri ɗaya: ina ake samo kalmomin da ke amsa juna a ƙarshen ɗango, kuma yaya mutum zai gane wanda ya dace sarai da wanda ya yi kusa kawai? Ni ma tambayar da ta hana ni barci ke nan lokacin da shugaban makarantar ya ɗora mini aikin. Ga yadda na bi hanyar, daga farko har zuwa ranar da aka ɗauki murya, ko wani zai huta da yawon da na sha.

Na fara da waya, kamar kowa. Akwai shafuka a intanet da za ka rubuta kalma su zubo maka waɗanda ke amsa ta, amma na Turanci ne, kuma dokarsu daban da tamu. Bature yana fara lissafin amsa-amonsa daga wasalin da ya fi dannawa a kalma, kuma ya fi son baƙin da ke gaban wasalin ya bambanta. Mu kuwa a rubutacciyar waƙar Hausa, gaɓar ƙarshe ake dubawa, baƙinta da wasalinta tare, wato gaɓar na ta amsa na, gaɓar ki ta amsa ki. Wannan bambanci shi ne ruɗani na farko, domin duk shawarar da na karanta a can tana tura ni inda kunnen Bahaushe ba ya zuwa. Ga kuma wani tarko a cikin harshen namu: kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne kacal. Saboda haka mai koyo yakan ga cewa gida da rana da hanya duk sun ƙare da a, sai ya ɗauka ya gama. Da irin wannan na cika shafuka, ina karantawa ina jin wani abu bai zauna ba, amma na kasa nuna inda yake.

Wani kawuna ne ya haɗa ni da wani malamin zaure a cikin birni, dattijo mai karantar da fiƙihu da lugga, wanda kuma ya san aruli, wato ilimin auna waƙa. Ba a yin alƙawarin lokaci da irin waɗannan malamai. Ana zuwa ne bayan sallar asuba, a sami wuri a zauna, kowa da littafinsa, a bi layi. Na tarar da masu Ahalari da masu Risala a gabana, na zauna har rana ta fito sosai kafin a zo kaina. Ba a biyan kuɗin karatu, sai dai ɗan abin sadaka da mutum zai ajiye a gefen buzu gwargwadon hali, ga kuɗin adaidaita zuwa da komowa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takarda. Bai karɓa ba. Ya ce, “Ɗana, waƙa ba a ganinta da ido. Rera mini.” Na ce, “Allah gafarta malam, ban sa mata murya ba tukuna.” Ya ce to in je in sa mata, in dawo. Abin da na samu a zuwan farko ke nan, kuma na fita ina jin kamar an kore ni, sai daga baya na gane cewa rabin darasin ke nan.

Da na koma na rera masa, sai ya tsayar da ni a baiti na biyu, ya ce in sake rubuta ƙarshen kowane ɗango da ajami. A nan ne abin ya buɗe mini. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ajami kuwa yana nunawa: in wasali dogo ne sai ka ja shi da alif ko wawu ko ya, in gajere ne ka bar shi da fataha ko kisira ko rufu’a kawai. Kalmomin da boko ya yi musu riga iri ɗaya sai ga su sun rabu. Rana da ke sama dogon wasali gare ta a ƙarshe, amma idan ka ce da rana, gajere ne. Ƙasa da ake nomawa tana da ja, ƙasa kishiyar sama ba ta da shi. Haka gida a cikin gida ya yi kyau, da gida a cikin na tafi gida. Bana da jiya da gobe da Kano duk a datse suke ƙarewa, ka ji maƙogwaro ya rufe a bayansu idan ka yi shiru. Na tambaye shi ko ke nan haramun ne a haɗa bana da kwana. Ya ce a’a, mawaƙa suna yi, domin gaɓar ƙarshen ɗango ana janta wajen rerawa, karin waƙa, wato ma’auninta, ba ya karyewa. Sai dai ka san cewa ja ka yi, kuma mai kunne ya ji. Wannan shi ne amsa-amon kusa na farko da na koya da saninsa.

A zaman da suka biyo baya ya ɗora ni kan asalin abin. Ya ce Larabawa suna kiransa ƙafiya, kuma ginshiƙinta shi ne harafin rawiyyi, wato baƙin da ake gina waƙar a kansa, shi ya sa ake ce wa wata ƙasida nuniya, wata mimiya, wata daliya. Ilimin auna waƙa kuwa Halilu bin Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, wani malami mai suna Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16, kuma malamanmu na ƙarni na 19 a kan wannan ma’auni suka ɗora waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci. Ya tuna mini da Ishiriniya ta Alfazazi da muka tashi muna ji a watan Maulidi, wadda aka jera ta harafi-harafi, kowane babi da baƙin da yake ƙarewa da shi. Na sha rera ta tun ina yaro ban taɓa lura da haka ba. Daga nan ya bambanta mini amsa-amo biyu. Akwai babba, na waje, wanda ke zuwa a ɗangon ƙarshe na kowane baiti, ba ya canzawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Akwai ƙarami, na ciki, wanda ɗangwayen farko na baiti ke amsa juna da shi, kuma yana iya sauyawa daga baiti zuwa baiti. A waƙa ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, ɗango huɗu na farko su ne na ƙarami, na biyar na babba. Ya ba ni shawara in tsaya a ƙwar huɗu, tun da yara ne za su haddace.

Sai kuma aibobi, waɗanda su ne suka fi amfanata. Ya ce idan ka maimaita kalma ɗaya da ma’ana ɗaya a gurbin ƙafiya kafin baiti bakwai su wuce, ka yi iɗa’i, kuma alama ce ta cewa jakarka ta ƙare. Amma idan siffar ce ɗaya ma’ana ta bambanta, ado ne: bara na yaron gida, bara na almajiri, bara ta shekarar da ta wuce. Ya sa na furta su a hankali, na ji ra ɗin bara na almajiri tana kaɗawa, ta yaron gida kuwa harshe lanƙwashewa yake yi ya buga sau ɗaya. Haka kuma idan da gangan aka mayar da jimla guda ta zama marufin kowane baiti, ba laifi ba ne, salo ne, kamar yadda yake a waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma’u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da ita ƙwar biyar. Aibi na biyu shi ne ikfa’i, wato ka sauya baƙin ƙafiya da maƙwabcinsa a furuci. A Hausa wannan yana nufin haɗa aiki da yaƙi, ko gida da kiɗa, ko raba da taɓa. Malam bai yarda da wannan a babban amsa-amo ba ko kaɗan. A ƙarami ya ce a iya ɗaga ƙafa idan ma’ana ta matsa. Na uku shi ne sauya wasalin, irin haɗa i da e ko u da o, wanda shi ma ya ajiye shi a sahun na kusa.

Abin da ya sallame ni da shi shi ne: kada in rubuta ɗango ko ɗaya sai na tara kalmomin babban amsa-amo fiye da yawan baitocin da nake nufi. Na zaɓi gaɓar na. Don tara kalmomin sai na nufi wata jami’a a nan Kano, Sashen Harsunan Nijeriya, wajen wata malama da wani abokina ya yi mini hanya. A nan akwai jira na daban. Na je tana aji, na koma tana taron sashe, sai da sakataren ya ba ni shawarar in zo ranar da take ganin ɗalibai masu rubuta kundi, in bi bayansu. Wanda ba ɗalibi ba ya tafi da katin shaida, kuma idan yana son shiga ɗakin karatu na sashe, ’yar takardar gabatarwa daga wani malami tana sauƙaƙa komai. Ba a ba da aron kundi a fita da shi. Sai dai ka karanta a wurin, ko ka biya kuɗin fotokwafi na shafukan da aka yarda.

Malamar ta dubi jerin kalmomina ta ce in karanta su da ƙarfi, sannan ta ɗauki biro ta raba su gida biyu. A gefe ɗaya rana, kwana, suna, gona, ƙauna. A ɗaya gefen murna, sunna, amana, magana, aljanna, zauna, nuna, tuna. Ta ce, “Malam, me ka ji?” Na maimaita, sai na ji na farkon murya a sama take tsayawa, na biyun kuwa ƙasa take sauka. Ta ce wannan shi ne karin sauti, wanda boko da ajami duka ba sa rubutawa, kuma akwai mawaƙan da suke daidaita shi a ƙarshen ɗangwayensu bayan baƙi da wasali. Ana kiransa amsa-amon kari, kuma Dalhatu Muhammad na Jami’ar Ahmadu Bello ne ya fito da nazarinsa a wata maƙala a 1980. Ta ce ba wajibi ba ne, waƙoƙi masu kyau da yawa ba su bi shi ba, amma idan ya samu, shi ne ke sa waƙa ta zauna daram a kunne ba tare da mai sauraro ya san dalili ba. A ganina wannan ne ma’aunin da ya kamata mai neman cikakken amsa-amo ya riƙe: baƙi ɗaya, wasali ɗaya, tsawo ɗaya, kari ɗaya. Duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin huɗun, na kusa ne, kuma ba duka faɗuwar ce ke da nauyi ɗaya ba. Saɓanin kari kusan ba mai kama ka, saɓanin tsawo ana rufe shi da ja, saɓanin baƙi kuwa ko yaro yana ji.

Ita ce ta nuna mini yadda ake haƙo kalmomi ba tare da jiran ilhama ba. Ƙamus a jere yake bisa harafin farko, mawaƙi kuwa na ƙarshe yake nema, don haka dole ka yi naka littafin. Na sayi ƙaramin littafin rubutu, na ware shafi ga kowace gaɓa, na riƙa bin Ƙamusun Hausa na Jami’ar Bayero na 2006, wanda ke nuna tsawon wasali da karin kowace kalma, ina kwashewa. Inda na yi shakka sai in leƙa na Bargery na 1934, wanda ake samu a intanet. Aiki ne mai cin lokaci, amma akwai gajerar hanya a cikin nahawu. Jam’in da ke ƙarewa da una rumbu ne guda: ɗakuna, riguna, harsuna, kawuna, kuma dukkansu karinsu ɗaya. Mai son gaɓar ci yana da zumunci, adalci, mutunci, jahilci. Mai son ya yana da duniya, gaskiya, lafiya, zuciya. Mai son ai yana da malamai, ɗalibai, littattafai. Akwai kuma ƙofofi biyu da suka fi kowanne faɗi, wato wa ta irin dawowa, kamawa, fitowa, da ba ta korewa, wadda kowace jimla za ta iya ƙarewa da ita in ka juya ta. Ta gargaɗe ni a kansu. Halal ne, manya sun yi amfani da su, amma saboda sauƙinsu sukan sa mawaƙi ya daina neman kalma, waƙa ta koma jerin ban yi ba, bai zo ba. Haka ta ce game da mallakar na: gidana, ubana, malamina. Ka sa ɗaya ko biyu, kada ka gina waƙar duka a kanta.

Da na zauna rubutu sai na ga amfanin tara kalmomin tun farko. Maimakon in rubuta ɗango in tsaya ina lalube, sai na riƙa ɗaukar kalmar ƙarshe in gina ɗangon ya nufo ta. Amshin da yara suka riƙa maimaitawa ya fito a karin Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan nan 16:

Ilahi ka shirye mu hanya ta sunna,
Ka saka wa malam da lada da murna.

Sunna da murna sun haɗu a baƙi da wasali da tsawo da kari, shi ya sa na ba su gurbin da za a fi ji. A cikin baitoci kuwa na bar kwana da gona su shiga duk da karinsu ya saɓa, domin abin da nake son faɗa game da iyayen da suka hana kansu barci da hutun gona ya fi mini daidaiton kari muhimmanci. A nan ne na saɓa da wasu abokaina da muke karanta wa juna waƙa a ƙarshen mako. Wani cikinsu yana ganin a cusa kalmar Larabci ko ta Sakkwatanci duk inda Hausar Kano ta ƙi ba da ƙafiya. Aron yana da asali, kuma wanga ko gidanai suna da daɗi a bakin wanda harshensa ne. Amma waƙar yara ce da iyayensu mata za su saurara a tsakar makaranta. Kalmar da za a tsaya ana tambayar ma’anarta ta fi amsa-amon kusa illa. Karatun a gaban mutane ya kuma kama mini wani abu da ni kaɗai ban ji ba, wato ɗangon da na murɗe tsarin jimlarsa don kawai gaɓar na ta faɗo a ƙarshe, har ya zama ba Bahaushen da zai faɗi haka. Na warware shi na nemi wata kalmar.

Mataki na ƙarshe shi ne sitidiyo, domin makarantar tana son a raba wa iyaye waƙar a waya. Na je ɗaya daga cikin waɗanda ke wajen Titin Gidan Zoo. Tsarin biya kashi-kashi ne: kuɗin kiɗa ko na mandiri idan za a sa, kuɗin ɗaukar murya, sallamar ’yan amshi, sai na haɗa sauti. Ana ba da kafin alƙalami a riƙe maka rana, sauran idan an gama. Farashi yana bin sunan wuri da na mai aikin, don haka a tambayi biyu ko uku kafin a tsayar. A kuma shirya wa jira, saboda wanda ke gabanka ba ya fita a kan lokaci, in wuta ta ɗauke kuma sai an tayar da janareta. Mai haɗa sautin saurayi ne da ya saba da mawaƙan zamani, kuma kunnensa daban da na malam. Da na ce masa, “Maigida, akwai inda na haɗa aiki da yaƙi a cikin baiti, ko in canza?” sai ya sa aka rera wurin a kan kiɗa, ya ce in saurara. Gaskiya ƙugiyar ƙ ta ɓace a cikin bugun. Kiɗa yana yafe saɓanin baƙi fiye da yadda takarda ko rerawar baka zalla ke yafewa, kuma ba mamaki, tun da makaɗan baka irin su Mamman Shata ba a kan ƙafiya suka dogara ba, a kan kiɗa da amshi ne.

Abin da kiɗa bai yafe ba shi ne wanda ban zata ba. Inda waƙa ta buƙaci a riƙe murya a ƙarshen ɗango, gajeren wasali yana tona kansa. Akwai ɗangon da ya ƙare da bana, yarinyar da ke jan baitin ta riƙe shi har bugu biyu, sai kalmar ta fita daga kamanninta. A zaure ja kaɗan ne, a gaban makirfo kuwa ja ne mai tsawo. Muka mayar da bana tsakiyar ɗango, muka kawo amana ƙarshe. Haka kalmomin da ke ƙarewa da baƙi, irin littafin ko makarantar, ba sa riƙuwa, sai dai a datse su a kan bugu. Shi ne kuma ya nuna mini abin da masu waƙar zamani, musamman ’yan hip-hop, suke nema: ba gaɓar ƙarshe kaɗai ba, har da wadda ke gabanta. A wurinsu rana da kwana sun fi rana da gona dacewa, suna da nuna sun fi suna da zauna. Malamin zaure bai shar’anta wannan ba, amma idan ya samu a ƙaramin amsa-amo yana ƙara zaƙi, kuma tun daga ranar na ƙara wani layi a littafina ina ware kalmomi bisa gaɓa biyu.

Ga mai shirin bin wannan hanya, tsarin da zan ba shi ya ɗan bambanta da wanda na bi. Ya fara yanke shawarar inda waƙar za ta ƙare, a takarda, ko a bakin mai rerawa, ko a kan kiɗa, domin kowanne da irin kusancin da yake ɗauka. Ta takarda da ta rerawa ba sa son a taɓa baƙin babban amsa-amo, ta kiɗa kuwa ba ta son gajeren wasali a inda za a ja. Ya je wurin malami da waƙar a bakinsa, ya riga ya sa mata murya. In ya iya ajami ya rubuta ƙarshen ɗangwayensa da shi, in bai iya ba ya ninka dogon wasali a daftarinsa, ya rubuta raanaa da kwaanaa, ya ga bambancinsu da bana da idonsa. Ya ajiye cikakken amsa-amo a amshi da baitin farko da na ƙarshe, inda kunne ya fi tsayawa, ya bar na kusa a tsakiya inda ma’ana ke buƙatar sarari.

Kada kuma ya ba da kafin alƙalami a sitidiyo sai ya rera waƙar duka a waya, ya tura wa mai jan baiti da ’yan amshi su kwana da ita, su dawo masa da wuraren da bakinsu ya yi tuntuɓe. Gyaran kalma ɗaya kafin ranar ɗauka kyauta ne. Bayan an sallami ’yan amshi kuwa, sai an sake kiransu, an sake biyansu, an kuma sake neman rana a wurin mai sitidiyo.